Wankin mota da inji a Madawa, Buza da Keita: kafin a sayi inji, a nemi ruwa

A ƴan shekarun nan wata sana'a ta bazu cikin garuruwanmu, watau wankin motoci da babura da inji mai feshin ruwa da ƙarfi. A bakin tasha, ko kusa da kasuwa, ko kan babbar hanya ta ɗaya wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni da Madawa ta nufi Maraɗi, matafiyi yakan ga rumfa da allo an rubuta Lavage, ga tano cike da ruwa, ga saurayi riƙe da bakin tiyo yana kakkaɓe laka daga jikin babur. Samari da yawa na gundumomin Madawa, Buza da Keita suna kallon wannan aiki da sha'awa, musamman waɗanda suka gaji da yawon ci-rani, da ƴan kabu-kabu da hanya ta karya masu baya, da ƴan ga-ruwa masu son su ajiye baro. Tambayar da sukan yi ita ce nawa ake sayar da inji. To, ƴan uwa masu karatu, akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce a ina za a samu ruwa, kuma nawa za a biya shi cikin bazara.

Dalilin sake sana'a

Kowa ya san Adarawa mutanen tafiya ne. Tun kaka da kakanni, da an kawar da amfanin gona sai maza su kama hanyar Abijan, ko Legas, ko Kano, daga baya kuma Libiya da Aljeriya, su nemo abin da za a cike gurbin rumbu da shi. Garin Tamaske da ke gundumar Keita ya yi suna wajen wannan fatauci. Amma hanyoyin nan sun yi ta tsukewa. Rikicin Kwaddibuwa na shekarar 2002 da na 2010 zuwa 2011 ya koro mutane da dama. Yaƙin Libiya na 2011 ya maido dubban ƴan Nijar gida, wasu hannu rabbana, kuma jahar Tawa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Aljeriya ita ma ta sha kwaso baƙi tana zubewa kan iyaka wajen Assamaka. Saboda haka magidanci da ya komo da ɗan guzurinsa yana neman aikin da zai riƙe shi kusa da iyalinsa da gonarsa.

A wannan lokaci kuma babura ƙirar Sin da Indiya sun cika ƙauyuka, ga motocin kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Madawa da Buza da Keita da Tawa, ga manyan kamyo masu zuwa ɗaukar albasar kwarin Tarka da ta Galmi zuwa Gana da Kwaddibuwa. Ƙasar Adar kuwa jar ƙura ce da hunturu, laka ce da damina. Ke nan masu bukatar wanki ba su da wuyar samu.

Yadda injin yake aiki

Wani Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ne ya ƙera injin wanki na ruwan zafi mai ƙarfin turi na farko a Turai, cikin shekarar 1950, shi ya sa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ake kiran kowane inji irin wannan da sunansa, ko da wani kamfani ne ya yi shi. Aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Akwai mota, ta lantarki ko ta esansi, wadda ke juya pampo. Pampon yana tura ruwa cikin tiyo mai kauri, ruwan ya fito ta wata ƴar ƙanƙanuwar kafa. Ƙanƙantar kafar ce ke sa ruwan ya fito da gudu har ya ɓamɓare laka. Ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira bar. Ruwan pampon gari ba ya cika wuce bar 3 ko 4. Ƙaramin inji na lantarki yakan ba da bar 100 zuwa 130, yana shan lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya. Babba na esansi yakan kai bar 200, yana shan lita 10 zuwa 15.

Mutumin kwarin Tarka yana da wata fa'ida a nan, domin motar da ke jikin injin wanki na esansi ƴar uwar wadda ke jikin injin ban-ruwan albasa ce. Wanda ya saba canja mai, da goge buji, da wanke karburato a garka, ya riga ya san rabin aikin. Sauran rabin shi ne pampo, kuma pampon nan yana da abokan gaba biyu. Na farko rairayi: ruwan gulbi ko na tabki ko na rijiya maras murfi, in ya shiga ba a tace ba, cikin ƴan makonni zai cinye robobin da ke ciki, ƙarfin turi ya faɗi. Na biyu ƙishirwa: in tano ya ƙare inji yana ci gaba da juyawa, pampo zai yi zafi ya lalace. Haka ma in aka saki maɓallin tiyo aka bar inji yana ruri minti da yawa. Kafin a biya kuɗin inji, sai a tabbata ana samun robobinsa da kan feshinsa a Maraɗi ko Ƙonni ko Tawa, don inji mai araha da babu kayan gyaransa ƙarshensa a jingine shi bayan ɗaki.

Lissafin ruwa

Yanzu sai mu ɗauki alƙalami. Inji mai shan lita 8 a minti, in ya yi minti 5 kan babur ɗaya, ya sha lita 40, watau kusan bido biyu masu lita 25. Tano mai lita 200 babura biyar zai wanke. Babban inji mai shan lita 12, in ya yi rabin awa kan kamyo, ya sha lita 360, kusan tano biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini domin sha da girki da ƴar tsabta. Ke nan wankin babur ɗaya ruwan mutum biyu ne, na kamyo ɗaya kuwa ruwan mutum 18.

Ga misali na kuɗi, kowa ya sa farashin garinsu a madadin namu. A ce ana wanke babur dala ɗari. In mai baro yana kawo bido dala goma, ruwa ya ci dala ashirin, kashi ɗaya cikin biyar. In bazara ta tsananta bido ya koma dala ashirin, ruwa ya ci dala arba'in, kashi biyu cikin biyar, tun ba a cire esansi da sabulu da ladan yaro da kuɗin fili ba. Mai babur ko ba zai yarda a ƙara masa farashi ba, gara ya ɗauki tsumma da guga ya wanke abinsa a ƙofar gida. Nan ne ribar da aka ƙirga da damina take narkewa cikin watan Afrilu da Mayu.

Wannan lissafi ba ɗaya yake ba a gundumomin uku. A kwarin Tarka, wajen Madawa, ruwa yana kusa, shi ya sa garake suka yawaita. A ƙasar Buza da Keita kuwa, da an bar kwari an hau tudun dutse, rijiyoyi suna da zurfi ƙwarai, kuma akwai ƙauyukan da mata ke yin doguwar tafiya da jakai kafin su cika bido. Wurin wanki da zai yi albarka a bakin hanya a Madawa yana iya zama fitina a wani gari na kan dutse, inda pampo ɗaya ke shayar da mutane da bisashe. In mai wanki ya jera tano a bakin pampo mata suna layi tun asuba, ba zai daɗe ba ƙara za ta kai gaban mai gari. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Garin da bai ƙoshi ba, ba shi da ruwan wanke mota.

Saboda haka wanda ya yi niyya ya zaɓi ɗaya cikin uku. Ko ya ja pampo da kwantar kansa, a inda ruwan gari yake. Tun farkon shekarar 2024 kamfanin ƙasa na NDE ne ke raba ruwa a birane, bayan ƙarewar kwangilar SEEN, a ƙauyuka kuma akwai masu kula da shato da ake yin yarjejeniya da su. Ko ya kama fili kusa da rijiyar garka ya shirya da mai ita. Ko ya yi ciniki da masu baro ko amalanke na shekara guda, farashi ɗaya damina da rani, gaban shaidu. Ko wanne ya zaɓa, ya tanadi wurin ajiyar ruwa da zai ishe shi aikin yini biyu, domin pampo yakan ɗauke.

Inda ruwan datti yake zuwa

Ruwan da ya sauka daga jikin mota ɗauke yake da laka da sabulu da baƙin mai. A inda ruwan ƙasa ke kusa, kamar kwarin Tarka da na Majiya, in aka bar shi yana nutsewa kullum wuri ɗaya zai iya kaiwa ga rijiyoyin maƙwabta. In kuma ya kwanta bakin hanya, sauro ya samu gida, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru a unguwa. Dokar ruwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Afrilun 2010, da dokar kare muhalli ta ranar 29 ga Disamban 1998, sun hana gurɓata ruwan jama'a.

Maganin wannan ba shi da tsada. A dabe wurin wanki da siminti, a ɗan karkata shi, ruwan ya gangara cikin rami mai ɗaki uku. A ɗaki na farko yashi da laka su kwanta. A na biyu mai ya taso sama, da yake ya fi ruwa sauƙi, a riƙa kwashe shi ana tarawa a tano, ruwan kuma ya wuce ta ƙasa. Na ɗaki na uku, in an tace shi, ya isa a jiƙa tayoyi da ƙarƙashin mota kafin a ɗauraye da mai kyau, ko a ba itatuwan inuwa. Ba a kai shi ga albasa ko salati. Da wannan dabara mai wanki ya rage kuɗin ruwa, ya kuma zauna lafiya da maƙwabta.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga tattalin ruwa. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin tare iska, tare da taimakon ƙungiyar CARE. A shekarar 1984 aikin raya karkara na Keita ya soma, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, inda jama'a, mafi yawansu mata, suka jera duwatsu, suka gina madatsai, suka dasa miliyoyin itatuwa don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Ruwan da iyaye suka tsayar da guminsu bai kamata ƴaƴa su ɓata shi da baƙin mai ba.

Wuta ko esansi

Injin lantarki ya fi araha kuma ba shi da ƙara, amma ranar da wuta ta ɗauke aiki ya tsaya. Ba a manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar saboda takunkumin CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Injin esansi yana zuwa ko'ina, har kasuwannin ƙauye, amma shi ma yana da nasa ciwon. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, esansin kwalba na bakin iyaka ya daina araha, kuma a watan Maris na 2025 an yi ƙarancin mai a gidajen mai na ƙasa. Mai hankali yakan ajiye guga da soso a gefe, don kada ya kori mai mota ranar da inji ya yi shiru.

Kafin a bar tsohuwar sana'a

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai shiga wannan aiki ya fara zama yaron wani mai wanki na ƴan watanni, ya ga damina ya ga bazara, ya koyi inda ba a kai feshi: wayoyin wuta, matatar iska, sarƙar babur da ƙwallayen taya, domin ruwa mai ƙarfi yana fidda girisi ya bar tsatsa. Ya san kuma ruwan nan yana huda fata, ba a nuna shi ga mutum ko dabba ko da wasa, ba a kuma barin wayar lantarki kwance cikin ruwa. Ya je ma'aikatar magajin gari ya nemi izinin fili, ya san harajin da ke kansa tun kafin a zo masa da takarda. Kada ya sayar da gona ko shanun huɗa don sayen inji. Adashe ko ƙaramin jari na ci-rani ya fi bashi mai ruwa. Kada ya fidda ƙanensa daga lakkwal don ya riƙe masa tiyo. Ya riƙe littafi, kowace maraice ya raba cinikin yini kashi uku: na ruwa da esansi, na gyaran inji, sa'an nan na cefane. Lokacin da motoci suka yi ƙaranci ya nemi wankin darduma da shimfiɗun masallaci, musamman gab da salla, da daɓen mahauta.

Sana'a ce mai kyau, tana iya riƙe magidanci a garinsu ta hutar da shi daga hamadar Libiya. Amma kafin ya tafi Maraɗi ko Kano tayin inji, ya fara zuwa bakin rijiya cikin watan Mayu ya duba tsawon igiya da tsawon layi. In ruwa ya ishi gari har da saura, ya yi bisimilla. In bai isa ba, ya nemi wani wuri ko wata sana'a. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi sa wa nema albarka.