Kimar Tsohon Keke Mai Giya a Amarawa

Amarawa gari ne a ƙasar Illela, kusa da iyakar Nijeriya da Nijar, tsakaninsa da Birnin Ƙonni tafiya kaɗan ce. Mutanensa suna cin kasuwa biyu, ta Illela ran Lahadi, ta Ƙonni ran Laraba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, waɗansu da suka jingine keke don babur suka koma suna kakkaɓe masa ƙura. Tsohon keke ya sake zama dukiya, gardama kan kuɗinsa kuwa ta dawo.

Keken da dattawa suka sani shi ne baƙin nan mai kariya, Raleigh na birnin Nottingham ta Ingila, wanda har a Kano an taɓa harhaɗa shi, sa'an nan Phoenix na ƙasar Sin. Kimarsu ba ta da wuya, kowane mai faci ya san ta. Wanda ya ke rikita dillalai shi ne mai giya da kaurin taya, irin wanda a ke shigowa da shi na hannu daga Turai ta Kwatano. Asalinsa daga Kalifoniya ta Amurka ne, inda samari suka riƙa gangaro duwatsu da shi wajen 1975, a 1981 kuwa kamfanin Specialized ya fara ƙera shi da yawa don kasuwa. Masu tara kayan tarihi a can sukan biya kuɗi mai kauri a kan na farko-farkon nan, muddin ba a sake masa fenti ko kayan asali ba.

To, nan ne mai sayarwa ya kan ruɗe. Wani ya gaya masa abin da irin kekensa ya ke yi a Turai, sai ya kafe, kowane tayi ya ce albarka. Amma mai saye a Amarawa ba tarihi ya zo nema ba. Tambayarsa ita ce, zai ɗauki buhun gero ko jarkoki biyu na ruwa? In giyar ta lalace, akwai irinta a Illela, ko sai an aika Sakkwato? Saboda haka kuɗin sabon Phoenix shi ne ma'auni, daga nan a ke hawa ko sauka.

Kowa ya kan ce kekensa bai sha hawa ba. Fenti ba shaida ba ne, haƙoran da sarƙa ta ke bi su ne shaida. In an yi tafiya mai yawa sai su yi tsini su karkace, sarƙar kuma ta saki. A shafa gefen wili inda birki ya ke kamawa, in ya yi kwari ya ci aiki. A dubi robar feda. A ɗaga gaba a juya taya, a ga ko tana rawa, a saurara ko boris yana ƙara. Ajiya ma tana da tata ɓarnar, domin keken da ya shekara goma a zaure tayarsa takan tsattsage, wayar birki ta yi tsatsa, duk a cire kuɗinsu daga kima. Waɗannan dai ƙananan ciwo ne.

Babban ciwo yana jikin ƙarfen. Masu wayo sukan zo da maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne, ko ya tsage mai walda na bakin hanya zai ɗinke shi. In bai kama ba, galibi alminiyam ne, ga sauƙin ɗauka, amma ran da ya tsage samun mai gyara sai an wahala. Don haka a wannan yanki tsohon na ƙarfe ya fi cancantar a ƙara masa kuɗi, ko da ya ke ɗayan ya fi shi ƙyalli. Sabon fenti a mahaɗar bututu biyu abin tuhuma ne, sau da yawa tsaga ce a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma sha'anin iyaka. An rufe ta a Agusta na 2019, aka buɗe ta Illela a Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk ran da hanya ta toshe kayan Kwatano sukan yi tsada. Sefa kuwa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai, naira tana hawa da sauka, shi ya sa mai sayarwa ya kan tambayi canjin ranar kafin ya sallama wa baƙo daga Ƙonni.

Malamai sun sani, a Risala ta Ibn Abi Zaid an hana ɓoye aibin haja, wanda ya gano aibi kuma yana da ikon mayarwa. Sai dai wanda ya haye iyaka da keke ba ya cika dawowa ba. Saboda haka a kan kifa keken tun a wurin ciniki, a karanta lambar da a ka buga a ƙarƙashinsa tsakanin feda biyu, a rubuta ta a takarda gaban shaidu. In an ga lambar a kankare, dillalin kirki ya kan bar la'adar ya tashi.