Yaushe Mai Goyon Baya Ke Cire Rai Da Kocinsa? Labarin Ten Hag A Man U

Yau a fagen ƙwallo za mu tsaya, kuma tambayar da nake son mu warware ita ce: me ke sa mai goyon bayan kulob, wanda jiya yake rantsuwa da kocinsa, yau ya wayi gari yana cewa a kore shi? Na ɗauki Erik ten Hag na Manchester United a matsayin misali, don labarinsa ya faru a gaban idonmu, a gidajen kallon ƙwallo muka yi ta musu a kansa.

Mu fara daga farko. An ɗauko Ten Hag daga Ajax ta ƙasar Holan a 2022. Wasansa biyu na farko a Firimiya duk ya sha kashi, Brighton ta ci 2-1, Brentford ta zuba masa 4-0. Amma ku lura, a lokacin magoya baya ba su juya masa baya ba. Me ya sa? Saboda sabo ne, kowa na cewa ɓarnar da ya tarar ce. Da Ronaldo ya fito ya caccake shi a wata hira a watan Nuwamba na shekarar, kulob ya rabu da Ronaldo, da yawa suka ce alhamdulillahi, an samu mai tsawatarwa. A Fabrairun 2023 ya ci Newcastle 2-0 ya ɗauki kofin Carabao, kofin farko tun 2017, ya kuma gama gasar a mataki na 3. Hatta 7-0 ɗin da Liverpool ta yi musu a Anfield, an shanye ta.

Wannan shi ne abu na farko da nake son ku riƙe: mai goyon baya yana iya jure kashi, muddin yana ganin inda aka dosa.

To daga ina aka samu matsala? A ganina wurare uku ne.

Na ɗaya, salon wasa. An kawo shi ne don a ga irin ƙwallon Ajax, a riƙe ƙwallo, a matse abokin karawa. A kaka ta biyu sai ga 'yan gaba sun ruga sama, 'yan baya sun maƙale a ƙasa, tsakiya wayam kamar filin Idi bayan an watse. Ƙananan kulob ma suna ta dukan ragarsu yadda suka ga dama. Suka ƙare na ƙarshe a rukuninsu na gasar Zakarun Turai, ƙasa da Bayern da Copenhagen da Galatasaray. A Firimiya kuma aka ci su sau 14, suka gama a na 8, ƙwallayen da aka zura musu sun fi waɗanda suka zura.

Na biyu, cinikin 'yan wasa. Antony, Lisandro Martinez, Onana, daga baya De Ligt da Mazraoui, duk yaransa ne tun a Ajax. Antony kaɗai ya ci sama da fam miliyan 80. Idan koci ya ce a sayo masa mutanensa, aka sayo, to ya rufe wa kansa ƙofar uzuri. Ba zai sake cewa kayan wani yake aiki da su ba.

Na uku, bakinsa bayan wasa. Kai ka zauna minti 90 ka ga an yi wa ƙungiyarka wasan kura, sai koci ya fito yana maganar raunin 'yan wasa da kofunan da ya ci a baya. Gaskiya ne an yi fama da rauni sosai a wannan kakar, musamman a 'yan baya. Amma idan abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ke ji suka riƙa saɓawa duk mako, yarda ce ke zubewa. Gani ya kori ji.

Dubi wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Coventry a 2024. Man U na gaba da 3-0, ƙungiyar da ke rukuni na biyu ta farke duka ukun, sai da bugun fenariti aka tsira. An yi nasara, amma magoya baya da yawa ranar suka cire rai. Daga baya ya ci Man City 2-1 a wasan ƙarshe, Garnacho da Mainoo suka zura, shugabanni suka tsawaita masa kwantiragi zuwa 2026. Kofi ya sayo masa lokaci kawai. Sabuwar kaka ta shigo, Liverpool ta ci su 3-0 a Old Trafford, Tottenham ma 3-0. Ranar 28 ga Oktoba 2024, kwana ɗaya bayan West Ham ta ci su 2-1, aka sallame shi, ƙungiyar tana ta 14.

Yanzu ga inda nake son matasa mu yi tunani. Da aka kore shi, an warke? Ruben Amorim ya karɓa, aka gama kakar a na 15, Tottenham ta doke su a wasan ƙarshe na Europa. Tun da Ferguson ya ajiye aiki a 2013 an gwada Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick, Ten Hag, babu wanda ya ɗauki Firimiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Iyalan Glazer da suka sayi kulob ɗin a 2005 da bashi, suka ɗora bashin a kan kulob, su ma suna da nasu kason. Wa ya amince a biya kuɗin Antony? Wa ya ƙara wa koci kwantiragi sannan ya kore shi bayan wata huɗu, har da biyan diyya?

Shi ya sa kafin ka ɗaga murya ka ce a kori koci, yi wa kanka tambaya uku. Shin ana ganin tsari a fili ko da an sha kashi? 'Yan wasa suna ƙaruwa a hannunsa ko lalacewa suke? Kuma wane ne ke yanke hukunci a samansa? Idan biyun farko sun gaza, kana da hujjar cire rai. Idan ta ukun ce ruɓaɓɓiya, a canza koci goma, kukan dai ɗaya ne.

Sannan don Allah, musu a gidan kallo ya tsaya a musu. Ten Hag ya karɓi kuɗin sallamarsa ya tafi, kai kuma gobe da safe da wannan maƙocin naka ɗan Arsenal za ku haɗu a wajen mai shayi.

Ku faɗa min, a wane wasa ne kuka cire rai da kocinku? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.