Daga Katsina zuwa Jidda: Me ya sa lissafin waya ke saɓa wa agogon matafiyi?

Duk maniyyacin da ya buɗe manhajar auna nisa a wayarsa, ya rubuta DKA, wato lambar filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, sannan ya rubuta JED ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, amsar da zai samu ba ta wuce kilomita kusan 3,470 ba. Babban jirgi irin Boeing 747 da kamfanin Max Air ya saba jigilar alhazai da shi yana gudun kilomita kusan 900 a awa ɗaya. Idan aka raba, sai a ga ƙasa da awa huɗu. Sai dai wanda ya dogara da wannan lissafi ya ce wa iyalinsa su jira kiransa bayan awa huɗu, zai bar su cikin zullumi.

Manhajar tana auna gajeriyar hanya ce a bayan ƙwallon duniya, kamar an ɗaura zare daga wannan gari zuwa wancan. Zaren Katsina zuwa Jidda ya bi ta kudancin Nijar, ya ratsa Cadi, ya keta Sudan, sannan ya tsallaka Bahar Maliya. Jirgi kuwa ba zare yake bi ba. Yana bin hanyoyin sama da aka shata, da izinin kowace ƙasa da zai ratsa, ga lokacin hawa da na sauka da ba ya cikakken gudu, ga jiran layi kafin a ba shi damar tashi.

Shekarar 2023 ta nuna girman wannan bambanci. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana gab da fara jigilar alhazai. Dole jiragen Najeriya suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da awanni, man da ake sha ya ƙaru, har kamfanonin jirage suka nemi ƙarin dala 250 a kan kujerar kowane alhaji daga hukumar NAHCON. Lambar 3,470 ba ta motsa ba a fuskar waya, amma aljihun maniyyaci ya ji a jikinsa.

Akwai kuma tarkon agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na garin da za a sauka ne. Jirgin da ya tashi Katsina ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar a sama zai sauka ƙarfe 5 na asuba agogon Jidda, alhali a gida ƙarfe 3 ne. Ga wanda za a wuce da shi Madina kai tsaye, nisan ya kai kilomita 3,600.

Manhajar da ta fi amfani ga iyalan da ke jira ita ce irin su Flightradar24, wadda ke karɓar saƙon da jirgin ke aikawa game da inda yake, ta zana hanyar da ya bi a zahiri. Ana buƙatar lambar tafiyar da ke jikin tikiti kawai. A tsakiyar hamada, inda na'urorin karɓar saƙo ba su da yawa, jirgin kan ɓace daga taswira na ɗan lokaci kafin ya sake bayyana.