Zarnin turke, takin gona ne ke gudu



Yau maganarmu ta cikin gida ce. Babu gidan manomi da babu bisa a cikinsa. Ga akuyar uwargida a turke, ga ragon layya, ga kaji da zabbi, ga tantabaru. Wani yana da jaki, wani yana da kare mai tsaron garka. Mussa kuwa ba a gayyatar ta: inda rumbu yake nan ɓera yake, inda ɓera yake nan take. Duka muna son su, duka suna da amfani. Amma mu faɗi gaskiya. Gidaje da yawa, in malka ta sauka, tun daga zaure baƙo yake jin wari. Ƙuda ya rufe ƙwaryar fura. Yara suna rarrafe cikin caɓi.

Bara, cikin watan Agusta, wani dattijo a wani ƙauye na jihar Maraɗi ya kira ni in duba hatsinsa da ya yi rawaya. Kafin mu tafi gona muka biya ta gida. Jajayen awaki 7 da tumaki 2 suna ɗaure wuri guda, ba rumfa, ƙasar wurin ta zama taɓo. Zarni har yana sa hawaye. Ya ce mini: "Malam, gonar nan ta gaji, ga ure ya yi tsada." Na ce: "Baba, ai ga ure nan kuna da shi a turke, iska tana kwashe muku shi dare da rana." Ya yi dariya ya ce: "Kai ɗana, ku ƴan lakwal ba ku rasa ta faɗi."

Ba wasa nake yi ba. Ga bayanin.

Me ke kawo zarni?

Abincin da shuka ta fi bukata don ta yi kore shi ne wanda ake kira azot. Buhun ure mai kilo 50, kilo 23 na azot ne a cikinsa, shi muke biya da kuɗinmu. To, ure ɗin nan akwai shi cikin fitsarin kowace bisa. Wajen rabin azot ɗin da akuya ko tunkiya ko saniya ke fitarwa, ko ma fiye da rabi, cikin fitsari yake, ba cikin kashi ba. Mu kuwa kashin muke sharewa mu kai gona, fitsarin mu bar shi ya lalace.

In fitsari ya haɗu da kashi a wuri mai laima da zafi, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani suna narka ure cikin ƴan awoyi kaɗan. Sai ya zama wata iska mai yaji, sunanta amoniyak. Ita ce zarnin da ke shiga hanci. Duk lokacin da ka ji ta, ka san azot ne ya tashi sama, ba zai komo gonarka ba. Kuma iskar nan tana cin ido da ƙirji. Ita ke sa ƴan awaki da kaji tari in an rufe su a ɗaki marar taga. Yaron da ke kwana kusa da wurin shi ma ita yake shaƙa.

Saboda haka aikin guda ne. Wanda ya kama fitsari kafin ya tashi, ya kashe wari, ya kuma sami taki.

Gyaran turke

Abu na farko, a ɗaga wurin. A zuba ƙasa a daɓe ta, wurin turke ya fi tsakar gida tudu kaɗan, yadda ruwan sama ba zai kwanta ba. A buɗe wuriya, ruwan tsakar gida ya fita ta wata hanya dabam, kada ya bi ta cikin bisashe. A kafa rumfa ta kara ko ta zana. Rumfa ba don inuwar bisa kaɗai ba ce: rana tana ƙona taki, ruwa yana wanke shi.

Abu na biyu shi ne shimfiɗa, kuma nan ne maganar take. A ƙarƙashin bisashe a baza abin da ke shan ruwa: ƙaiƙayin sussuka, ɓawon gujiya, karan hatsi da aka daddatsa, busasshen ganye, ragowar harawa da ciyawar da suka tattake. Kaurinsa ya kai faɗin yatsu 4. Ƙaiƙayin nan da mata ke zubarwa bayan gari, iska ta ɗauke ko yara su sa masa wuta, ya fi ƙarfin a raina shi. Shi ke shanye fitsari ya riƙe shi. Inda babu ko ɗaya cikin waɗannan, busasshiyar ƙasa ma tana yi. Kowace safiya a barbaɗa sabo bisa inda ya jiƙe.

Akwai kuskuren da nake gani ko'ina, ni ma da haka na taso ina gani a gidanmu: zuba toka bisa fitsarin turke. Gaskiya ne wurin yana bushewa a ido. Amma toka tana da kaifi irin na kanwa, kuma kaifin nan shi ke tunzura amoniyak ya tashi da sauri. Laso ma haka yake yi. Toka tana da wurinta, za mu zo kansa, amma ba bisa ɗanyen taki ba.

Sau nawa za a kwashe? Ƙuda ne zai ba mu amsa. Lokacin zafi, daga ranar da ya yi ƙwai cikin ɗanyen kashi zuwa ranar da sabon ƙuda zai tashi, kwana 7 ne zuwa 10. Wanda ya bar turke sati 2 ba kwashewa, kiwon ƙuda yake yi. Da damana a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kowane kwana 3 ko 4. Da rani sau ɗaya a sati ya isa. Ƙudan nan shi ke tashi daga kashi ya sauka bisa tuwo da idon jinjiri, ya bar mana zawo da ciwon ido. Kuma cikin kashin doki da jaki da sauran bisashe akwai ƙwayar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure haƙora. Yaro mai rauni a ƙafa kada ya shiga turke ba takalmi.

Ramin taki

Abin da aka kwashe kada a tara shi juji a tsakar gida. A haƙa rami bayan darni, a inuwar itace in da hali, tsawo metir 2, faɗi metir 2, zurfi kada ya wuce metir 1. Ya yi nisa da rijiya, kamar metir 30, kuma kada ya zama ta sama da ita inda ruwa ke gangarowa. Wurin da ruwa ke kwanciya da damana, gara a tara shi tsibi bisa tudu da a haƙa rami.

Ana zubawa hawa-hawa: kara da ganye, sai takin turke, sai ƴar ƙasa a rufe. A yayyafa ruwa ya yi laima, ba caɓi ba. Ka damƙa a hannu: in ya dunƙule ruwa bai zuba ba, ya yi daidai. A soka sanda a tsakiya. Bayan ƴan kwanaki ka zaro ta ka taɓa. In ta yi zafi, taki yana dahuwa, kuma zafin nan yana kashe tsutsar ƙuda da irin ciyawa da yawa. In ta yi sanyi ta bushe, ƙara ruwa. In tana ɗoyi, ruwa ya yi yawa, ƙara kara ka juya. A riƙa juyawa kowane kwana 15. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, ƙamshinsa kamar na ƙasa ranar ruwan farko. Manoman Adar masu haƙa tassa, wajen Illela da Badagishiri, sun san darajar irin wannan: cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami, sai hatsi ya fito a fako.

Bunsuru dai sai haƙuri. Hamaminsa daga bayan ƙahoninsa yake fitowa, ga shi yana fesa wa kansa fitsari. Wanka ba ya raba shi da shi. A ɗaure shi nesa da ɗakin kwana, nesa da inda ake tatsa, don nono yana ɗaukar wari. Wanda ba a bukata don barbara, a dandaƙe shi tun yana ƙarami.

Kaji

Kaji ba su kwana ɗaki ɗaya da mutane. Na san dalilin masu yin haka: tsoron ɓarawo da muzuru. Amma kashin kaji ya fi kowane kashi saurin yin zarni, kuma yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai shi. A tuna kuma murar tsuntsaye ta taɓa shigowa ƙasarmu, a Magarya, cikin Fabrairu na 2006, ciwo ne da kan iya kama mutum. A gina akurki mai ƙofa da ƙananan tagogi ta sama, a share shi kamar turke. A liƙe tsagar bango da laka, don nan kaskar kaji ke ɓuya da rana ta fito da dare ta sha jini. Ga inda toka take da amfani: a haɗa ta da rairayi a zuba a wani lungu busasshe, kaji su yi birgima, tana rage musu ƙwarƙwata. Kazar da ta mutu haka kawai, a binne ta da zurfi. Ba a ci, ba a jefa wa kare.

Mussa da kare

Waɗannan biyu hukuncinsu dabam ne. Kashinsu ba ya shiga ramin taki, balle takin da za a kai garkar salati da tumatir. Yana ɗauke da ƙwan tsutsotsi da ƙwayoyin da ke kama mutum. A kwashe shi da felu a binne nesa.

Mussa mai tsabta ce, rairayi take nema ta tona ta rufe. Matsalar ita ce rairayin da ta samu sau da yawa shi ne wanda yara ke wasa a kai, ko wanda aka shimfiɗa a ɗaki. A ware mata lungu guda da rairayinta, ko tsohuwar tasa cike da shi, za ta saba. A kwashe kullum, don ƙwayar da ke cikin kashinta sai ta kwana 1 zuwa 5 kafin ta iya kama mutum. Mace mai ciki ba ita za ta yi wannan aiki ba. Ƙwayar tana iya isa ga ɗan da ke ciki, ta ɓata masa ido ko ƙwaƙwalwa, ko cikin ya zube. In mussa ta yi fitsari bisa tabarma ko zane, a wanke nan take da ruwa da sabuni, a shanya a rana. In an bari ya bushe, warin zai sa ta komo wurin.

Kare wurinsa ƙofar gida ko garka, da kaskonsa na abinci shi kaɗai, wanda ba ya haɗuwa da kwanonin gida. Warin kare yawanci daga tsummar da yake kwana a kai ne, da kaska da ƙuma da ƙazuwa. A riƙa wanke tsummar, a kai shi wurin malamin dabbobi don maganin tsutsa da allurar rigakafin hauka, tun yana wata 3. Ranar yanka, musamman ranar layya, in an ga hanta ko huhu da ƙululu mai ruwa a ciki, kada a jefa wa kare. Tsutsa ce. Za ta girma a cikinsa, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya komo ga tumaki da mutane. A binne ko a ƙona. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, ya tafi likita ranar nan, kada ya jira gobe.

Hattara da magungunan kasuwa

Girezil yana kashe wari a salga da akurkin da aka fitar da kaji, amma guba ne ga mussa, ko ta taka ta lashe ƙafa. Jabel kuma ba a zuba shi bisa fitsari kai tsaye, haɗuwarsu tana tada iska mai shaƙe numfashi. A fara wankewa da sabuni, a ɗauraye, sannan a sa jabel da aka tsarma da ruwa. Maganin feshin wake kuwa na gona ne. Ba a shafa shi ga kare ko mussa ko kaza don kaska, ba a fesa shi a ɗakin kwana. Maganin kaska na karnuka ma akwai wanda ke kashe mussa, a tambaya kafin a saya.

Saura magana guda ga magidanta. A gidaje da yawa akuya ta mace ce, shara ta mace ce, ɗaukar ruwa nata ne, amma ranar kai taki sai amalanke ya nufi gandun maigida, gamanarta ba ta ga ko tiya guda ba. Mace ba za ta daɗe tana aikin da ba ta cin moriyarsa ba, kuma ban ga laifinta ba. Kafa rumfa, daɓe turke, haƙa rami da juya taki, aikin maza ne. In taki ya nuna, a fitar da rabon gamana tun kafin a ɗora na gandu.

Lokacin farawa shi ne bayan girbi, sa'ad da kara da ƙaiƙayi suke ko'ina. A tara su a inuwa tun kafin iskar ɗari ta watsa su. Ramin da aka cika a watan Janairu zai nuna kafin shuka. Wanda yake son a auna masa ramin, ya nemi malamin gona na yankinsa ranar kasuwa.