Tarbiyyar Freemason: Kayan Aikin Magina da Rantsuwar Sirri

Tarihin ƙungiyar Freemason ya ce a 1717 rassa huɗu suka haɗu a Landan suka kafa babbar majalisa ɗaya. Tushenta yana komawa ga magina masu sassaƙa dutse a Ingila da Sukotland, shi ya sa har yau da kayan gini take karantar da mabiyanta.

Sabon shiga ana ɗaura masa walkin farar fatar ɗan rago, alamar tsarkin zuciya. Ana nuna masa dutse biyu, ɗaya mai kaushi, ɗaya sassaƙaƙƙe mai santsi, a ce masa aikinsa shi ne ya sassaƙe halinsa daga na farko zuwa na biyu. Ma'aunin kusurwa yana nufin adalci a mu'amala, kamfas yana nufin ɗaure son zuciya cikin iyaka. Zai hau matakai uku: almajiri, ƙwararre, sannan gwani. Ginshiƙan koyarwar su ne ƙaunar ɗan'uwa, taimakon mabuƙaci da gaskiya. Kundin dokokin da James Anderson ya wallafa a 1723 ya hana gardamar addini da siyasa a zaurensu. Rassan Ingila suna sharɗanta imani da Mahalicci, amma babbar majalisar Faransa ta soke wannan sharaɗi a 1877.

Duk mai hankali zai yarda waɗannan ɗabi'u kyawawa ne. Matsalar tana wurin rantsuwar ɓoye sirri da fifita ɗan ƙungiya. Idan alƙali da wanda ake tuhuma sun yi rantsuwa ɗaya a ɗaki ɗaya, ina talaka zai kai kukansa? Italiya ta ɗanɗana wannan a 1981, lokacin da aka gano jerin sunaye 962 na reshen P2 na Licio Gelli, ciki har da ministoci, janar-janar da 'yan jarida. Gwamnatin Arnaldo Forlani ta faɗi a dalilin haka.

Malaman addini sun daɗe da ɗaukar matsaya. Fafaroma Clement na 12 ya hana Katolika shiga ƙungiyar tun 1738, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka kuma ta haramta ta a 1978.

Gaskiya, taimako da kame kai darussa ne da iyaye da malamai ke koyarwa a fili, kowa yana ji. Duk tarbiyyar da sai an kulle ƙofa an rantsar da mutum kafin a ba shi, ya kamata ya tambaya: wa take karewa idan ɗan ƙungiya ya zalunci bare?