Gwaji ya ce 40, amma bidiyo na ta juyawa: abin da ya kamata ku sani game da saurin intanet na gida

Ka je Birnin Kebbi da hantsi, ka shiga shagon masu sayar da rauta. Mai shago ya saka layi, ya danna gwaji a wayarsa, lamba ta yi ta hawa har ta tsaya a 40. Ka biya, ka hau mota ka koma Gwandu da farin ciki. Bayan sallar isha'i iyali sun taru a tsakar gida za a gaisa da yaya da ke Madina ta bidiyo. Ana fara gaisuwa sai fuskarsa ta daskare, murya ta riƙa yankewa, Inna tana ta ɗaga murya tana cewa, "Kana jina kuwa?" Ina 40 ɗin ta tafi?

Mai shagon bai cuce ka ba, kuma gwajin bai yi ƙarya ba. Abin da ya auna shi ne ƙarfin layin a wancan wuri, a wancan lokaci, na 'yan daƙiƙoƙi. Gidanka wani wuri ne daban, dare kuma wani lokaci ne daban.

Mu fara da lambar kanta. Haruffan Mbps da ake rubutawa a gefenta suna nufin megabit a kowace daƙiƙa. Amma girman hoto ko fim ko manhaja, da datar da kake saye, da megabait ake lissafa su, kuma sai bit takwas sun haɗu ake samun bait ɗaya. Don haka raba lambar gwaji gida takwas. Layin da ya nuna 40, iyakar abin da zai sauke maka a daƙiƙa shi ne megabait 5. Wanda ya nuna 20 kuwa, fayil mai gigabait ɗaya zai ɗauke shi kusan minti bakwai, shi ma idan komai ya tafi daidai. Mutane da yawa da ke ganin an sace musu sauri, a wannan lissafin kaɗai suka ruɗe.

Sai yadda ake gwajin. Manhajar Speedtest ta kamfanin Ookla, wadda aka fi amfani da ita, takan laluɓo uwar garke mafi saurin amsawa, wato babbar kwamfutar da za ta yi musayar bayanai da wayarka, sau da yawa ma ta cikin kamfanin layin naka ce. Sai ta buɗe hanyoyi da dama a lokaci guda, ta cika layin maƙil, ta faɗa maka iyakar abin da ya ɗauka. Kamar ka gwada mota ce da asuba a kan kwalta tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo, babu kowa a hanya, sannan ka ce da wannan gudun za ta kai ka Legas.

Legas ɗin kuwa ba misali kawai ba ce. Yawancin wayoyin ƙarƙashin teku da suka haɗa Najeriya da duniya a gaɓar Legas suke sauka: MainOne da Glo-1 tun 2010, WACS a 2012, sai Equiano na Google a 2022. Saƙon da ya tashi daga Gwandu zai hau iska zuwa ƙarfen sabis, ya bi waya ɗaruruwan kilomitoci zuwa kudu, wani lokaci ya nutsa teku zuwa Turai, sannan amsa ta biyo sawu ta dawo. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu sun lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Ranar nan sandunan sabis a cike suke a wayoyin mutane, amma shafuka sun ƙi buɗewa, manhajojin bankuna da dama sun tsaya.

Sandunan nan ma a fahimce su. Suna nuna yadda wayarka take jin ƙarfen sabis ne kawai. Ba sa faɗin ko mutum nawa ne suke rataye da shi tare da kai.

A nan ne babban zancen yake, domin mafi yawan gidajen Gwandu da Kalgo ta iska suke samun intanet, ko da waya, ko da ƙaramar na'urar aljihu, ko da rautar da ake saka wa layi. Ƙarfen sabis kamar famfon unguwa yake. Ruwan da yake fitarwa yana da iyaka, kuma duk wanda ya zo da bokiti a cikinsa zai ɗiba. Da asuba kai kaɗai ne a bakin famfo, nan da nan ka cika. Daga magariba zuwa sha ɗayan dare kuwa, kowa ya dawo gida: wannan yana TikTok, wancan yana sauraren tafsiri a YouTube, matasa suna kallon ƙwallo, sai rabon kowa ya zama ɗigo. Haka abin yake ranar kasuwa, haka yake ranar Sallah. A ɓangaren Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take a kan hanyar Bunza, dawowar ɗalibai daga hutu ƙarin masu bokiti ne a famfunan da ke kewayen. Sannan shi kansa ƙarfen yana da bututun da ke kawo masa ruwa. Wani an ja masa wayar gilashi a ƙarƙashin ƙasa, wani kuma da faranti yake karɓa daga wani ƙarfen, abin da yake samu bai kai na farkon ba. Idan masu aikin titi suka datse waya, ko man janareta ya ƙare a wani ƙarfe, nauyinsa sai ya koma kan na kusa da shi. Shi ya sa idan ka duba talla da kyau za ka ga an rubuta "har zuwa" kafin lambar. Wannan iyakar sama ce, ba alkawari ba. Tsarin da ake kira mara iyaka ma, galibi akwai sharaɗin rage gudu idan ka wuce wani adadi, kuma ya kamata mai saye ya tambaya kafin ya miƙa kuɗi.

Wani ɓangare na matsalar kuma a cikin gida yake. Rufin kwano da katanga mai kauri, ta laka ko ta siminti, suna cinye sabis. Na sha ganin rauta a ƙuryar ɗaki, a ƙasa bayan talabijin, an ma lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Ɗauke ta a ɗora a sama kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis yakan canza komai ba tare da an kashe ko kwabo ba. A duba kuma ko su waye a kanta. Lambar sirrin da aka ba ƙane, ya ba abokinsa, abokin ya ba 'yan majalisarsu a ƙofar gida, ita ce take cinye gudun da datar baki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke zuba ido a kan babbar lamba, mu manta da ƙanana biyu da ke tare da ita. Ɗaya saurin ɗorawa ce, wato abin da ke fita daga wayarka. Ɗalibar da za ta ɗora takardunta a shafin rajista, da mai kiran bidiyo da ake son a ga fuskarsa, da wannan suke aiki, kuma a layin waya kusan kullum tana ƙasa da ta saukewa. Ɗayar kuma ping ce, lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma ƙanƙantarsa ake so. Mai POS a kasuwar Gwandu ba ya buƙatar 40. Saƙonsa ɗan mitsitsi ne. Abin da yake so shi ne ya tafi ya dawo ba tare da ya ɓace a hanya ba, kafin a cire wa mutum kuɗi na'ura ta ce bai shiga ba.

Buƙatar gida ma ba ta kai yadda ake zato ba. YouTube ya ce megabit 2.5 ya isa bidiyo mai kyau na 720, 5 kuma ya isa na 1080. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane da 10 a karkara. A ganina, 10 da za ta tsaya daram da ƙarfe tara na dare ta fi 40 ta hantsi amfani nesa ba kusa ba, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ko Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 ta tauraron ɗan'adam, bai tsira daga matsalar famfon unguwa ba: a ƙarshen 2024 sai da ya dakatar da karɓar sababbin gidaje a Legas da Abuja saboda cunkoso, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana taɓa shi.

To kafin ka sayi rauta ko tsarin wata guda, ari layin MTN ko Airtel ko Glo daga maƙwabci, ko ka sayi 'yar data kaɗan, ka gwada a ɗakin da za ka riƙa zama. Ka gwada bayan asuba, da azahar, da kuma bayan isha'i, kwana biyu ko uku. Ka haɗa da Fast.com na Netflix don ka ji ta baki biyu, sannan ka yi ainihin abin da za ka saya dominsa: ka kira yaya a Madina, ka ɗora hoto, ka buɗe manhajar banki. Kada dai ka yawaita, domin gwaji ɗaya a layi mai sauri yana iya cin megabait talatin ko fiye.

Ka rubuta rana da lokaci da lambobin uku a takarda. Idan layin da kake biya ya ci gaba da gazawa, ka fara kai ƙara wurin kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana. In ba su gyara ba, ka kira 622, layin NCC na masu ƙorafi, kyauta ne, ka karanta musu abin da ke takardar.