Tuwon Dare a Gidan Ma'aikaciya

A Ikko, matar da ta tashi aiki ƙarfe biyar, cunkoson motoci kan hana ta isa Agege sai bayan sallar isha'i. Ga yara da yunwa, ga abincin saye yana cinye albashi tun wata bai yi rabi ba.

Masu dabara tun ran Lahadi suke shiri. Sukan soya kayan miya su sa a firji, su daka yaji, su tanadi kuka, daddawa da busasshen kifi. Litinin dafa-duka, Talata ɗanwake, Laraba tuwon masara miyar kuka, ba wanda ke cin awa guda. Ragowar tuwo kuwa ɗumamen safe ne.

Da ma an ce mai zurfin ido da wuri yake fara kuka.